Darasin Ƙungiyoyi: Zaɓen Bakin Busa Domin Manyan Ƙahoni

Wani zai ga kan wannan darasi ya ce, ina ruwan takardar manoma da ƙaho? To, ga dalili. A 'yan shekarun nan ƙungiyoyinmu da dama sun soma ware wani abu daga ribar gonar haɗin kai su saya wa yaran Birged na ikilisiyarsu kayan badujala. Kuɗin nan kuwa gumin damina ne, waken soya ne da masara da gyaɗa. Idan mukan zauna mu yi shawara a kan irin takin da za mu saya, ya kamata mu zauna a kan wannan ma. Abin da ya fi jawo mana asara kuwa shi ne ɗan ƙarfen nan da ake cusawa a ƙahon, wanda mai busa yake ɗora leɓensa a kai. A wannan darasi za mu kira shi bakin busa.

Bara bayan girbi mun raka wakilan wata ƙungiya zuwa Sabon Gari a Kano. Sun sayar da wakensu, sun zo neman yufoniyom, wato ƙahon nan mai kauri da ake rungumewa a ƙirji, bakinsa yana duban sama. Muka sami na hannu, mai kyau, a wani shago, amma ba shi da bakin busa. Mai shago ya zube mana wajen guda takwas a kan tebur. Ma'ajin ƙungiyar, dattijo ne mai son yaran, ya ɗauki wanda ya fi duka girma ya ce, "Malam, ba mu wannan. Babban ƙaho sai babban baki." Da aka sa shi, ɗan kaɗan ya shiga ya tsaya. Aka ce mana da amfani zai saki. Mu ma da muke tsaye a wurin ba mu ce kome ba, gama a ranmu mun ɗauka babba ya fi.

Yaron da aka danƙa wa ƙahon shekararsa 13. Ya yi mako uku yana fama, muryoyin sama sun ƙi fita, waƙa ɗaya kuwa sai leɓensa ya mutu. Wani mai son taimako ya goge wutsiyar bakin busan da zarto don ta ƙara shiga, ya buga ta da tafin hannu, ta maƙale. Aka kawo filaya. Bakin busan bai fita ba, sai bututun ƙahon ne ya murɗe ya tsage a wurin haɗi. Ranar Kirsimeti ƙahon yana kwance a kan benci, yaron yana tafe a bayan masu ganga hannu wofi. Saboda wannan ne muka koma muka yi tambaya wurin tsofaffin masu busa na birni, muka kuma yi karatu, don kada wata ƙungiya ta maimaita.

Wane irin ƙaho ne wannan?

Busa da leɓe ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Wanda ya taɓa ganin hawan salla a Kano ya ji kakaki. Mai kakaki yana matse leɓɓansa ne su yi ta kaɗawa, doguwar butar ƙarfen kuma ta ƙara wa sautin ƙarfi. Haka begilar soja take, haka yufoniyom yake. A cikin ƙahon babu wani abu mai yin ƙara. Leɓen mutum ne yake yinta. Mu riƙe wannan da kyau, gama duk sauran darasin a kansa yake tsaye.

Yufoniyom ya fito daga Jamus, inda wani mai suna Ferdinand Sommer na garin Weimar ya ƙirƙiro shi a 1843. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa mai daɗin murya. Idan aka miƙe bututunsa zai kai kimanin mita 2.7, yana kuma ƙara faɗi a hankali tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa muryarsa take da taushi kamar ta namiji mai waƙa. Yana da madannai 3 ko 4. A takardun manyan makaɗan Turai akan rubuta masa wani suna, tuba tena, wato tuba mai muryar tena. Gustav Holst na Ingila ya rubuta haka a kiɗansa The Planets, Richard Strauss na Jamus ma haka a Don Quixote na 1897, a yau kuwa yawanci yufoniyom ake busawa a wuraren nan. Saboda haka idan mai shago ya ce muku wannan tuba tena ce, kada ku ruɗe, dangin abu ɗaya ne. Amma yana da ƙane, baritan, mai kama da shi ƙwarai sai dai bututunsa ya fi siriri. Yana kuma da wa, babbar tuba mai riƙe muryar ƙasa, wadda bututunta ya ninka nasa.

Yadda kayan nan suka zo majami'unmu sananne ne. William Alexander Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade, wadda muke kira Birged, a birnin Glasgow a 1883, ta iso Legas a 1908. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da suka biyo shi. A can aka gina manyan majami'u irin su Holy Trinity ta Angilikan da Our Lady of Fatima ta Katolika, a can kuma yaranmu na ƙauye sukan ga jerin masu badujala a lokacin taro su koma gida da sha'awa. Har yau idan ƙungiya tana neman ƙaho, Sabon Gari take dosa.

Wutsiya tukuna

Bakin busa yana da sassa huɗu: gefe, inda leɓe yake zama, ƙoƙo, wato ramin ciki, maƙogwaro, ɗan ramin da ke gindin ƙoƙon, da wutsiya, wadda take shiga cikin ƙahon. Mutane sukan fara da duban ƙoƙo. Mu dai da wutsiya za mu fara, domin a nan ne abokanmu suka faɗi.

Kowane manomi ya san ba kowane ruwan fartanya yake shiga kowace ƙota ba. Haka yake a nan. Wutsiya iri uku ce: ƙarama, matsakaiciya da babba. Ƙaramar kaurin bakinta kimanin milimita 11 ne, babbar kimanin 12 da rabi, matsakaiciyar tana tsakaninsu. Da ido kusan ɗaya suke, amma ƙaho ba ya yarda da kusan. Baritan da ƙaramin tirombon ƙaramar wutsiya suke ci. Yufoniyom ɗin Yamaha mai lamba YEP-201 da mai lamba YEP-321 su ma ƙarama suke ci, ko da yake ƙahonin manya ne, alhali YEP-642 babba yake ci. Tsofaffin ƙahonin Ingila na Besson da Boosey & Hawkes, waɗanda aka ƙera kafin wajen 1974, matsakaiciya suke ci, daga baya ne aka koma babba. Mu lura da wannan, domin irin waɗannan tsofaffin sukan zo mana cikin kayan gwanjo ko kyauta daga wata ikilisiya, matsakaiciyar wutsiya kuwa ita ce ta fi wuyar samu a kasuwa. Sababbin da muke gani a shaguna, na ƙasar Sin da na Indiya, kowanne da wanda ya kwaikwaya, sai an gwada.

Ga yadda ake ganewa. A sa bakin busa a hankali, a ɗan murɗa shi kaɗan. Wanda ya dace zai shiga kimanin santimita 2 da rabi, kamar gaɓar farko ta babban yatsa, ya zauna daram ba ya girgiɗi. Idan ɗan kaɗan ya shiga ya tsaya, ya yi wa ƙahon girma. Ƙahon ya ƙara tsawo ke nan, muryarsa za ta sauka ƙasa da ta sauran, ba kuwa za a iya daidaita shi da su ba. Idan ya nutse har wuya yana rawa, ya yi ƙanƙanta. Iska za ta riƙa zurarewa. Akwai ɗan zoben ƙarfe da ake sayarwa wanda yake sa ƙaramar wutsiya ta zauna a babban rami, ya fi naɗa takarda ko salatif. Amma babu wata dabara da za ta sa babbar wutsiya ta shiga ƙaramin rami. Zarto ba dabara ba ne.

Saboda haka kada wakilai su tafi sayen bakin busa su bar ƙahon a gida. Ɗaukarsa a mota akwai wahala, mun sani. A naɗe shi da bargo a tafi da shi.

Abin da babban ƙoƙo yake bayarwa da abin da yake karɓa

Yanzu sai faɗi. Ana auna bakin busa daga gefe zuwa gefe ta ciki. Na yufoniyom yawanci yana tsakanin milimita 24 da rabi da 27. Wanda ake ce wa babba daga 26 yake farawa, wato kusan faɗin bakin kwalbar lemo ta waje. Kun ga tsakanin ƙarami da babba 'yan milimita ne kawai, milimita ɗaya kuwa ba ta kai kaurin ƙwayar gero ba. Amma leɓe yana jin bambancin ko da rabin milimita ne.

Idan ƙoƙo yana da faɗi, naman leɓe mai yawa ne yake kaɗawa a ciki. Wannan yana sa murya ta cika ta yi kauri, muryoyin ƙasa su fito da sauƙi. Idan yana da zurfi kuma, muryar takan yi taushi, ba ta tsaga kunne. Wannan ne muryar da ta sa mutane suke son yufoniyom, ba mu kuwa ce babban bakin busa ba shi da amfani ba. Manyan gwanaye shi suke busawa. Sai dai yana da farashi. Naman leɓen da ya ƙaru, tsokar gefen baki ce take riƙe shi, in kuwa ba ta horu ba sai ta gaji da wuri. Maƙogwaron babban bakin busa ma ya fi buɗewa, yana shan iska kamar rijiyar rani. Mai busa da bai ƙware ba zai riƙa yanke layin waƙa a tsakiya don numfashi, muryoyin sama su riƙa zamewa ƙasa, shi kuma ya shiga danna ƙarfen a leɓensa da ƙarfi don ya kamo su. Dannawar nan ita ce mugun abu. Tana hana jini gudana, leɓe ya kumbura, wani lokaci haƙori ya yanke shi ta ciki.

Ku tuna da garma. Babbar garma tana tada kunya mai kyau a hannun ƙato. A ba yaro ɗan shekara 12 ita, kafin hantsi ya zube, kunyoyin ma a karkace. Ba garmar ce da laifi ba, ba kuma yaron ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Lambobin da ke jikin bakin busa sukan ruɗa mutum, domin kamfanoni ba su bi hanya ɗaya ba. A wurin Bach na Amurka da Denis Wick na Ingila, ƙaramar lamba ita ce babban baki. A wurin Schilke da Yamaha kuwa, babbar lamba ita ce babban baki. Ga kaɗan daga waɗanda aka fi sani. Bach 12C faɗinsa milimita 24.5 ne, ƙarami ne, na masu fara koyon tirombon, a yufoniyom muryarsa takan yi siriri. Bach 6½AL milimita 25.4, Yamaha 48 kusa da shi. Waɗannan ne matsakaita. Bach 5G milimita 25.5 amma ƙoƙonsa ya fi zurfi, Schilke 51D ma wajen nan yake, da ƙoƙo mai zurfi ƙwarai. Daga nan sai manya: Bach 4G da Denis Wick 4AL, dukansu milimita 26. Shi Denis Wick ya yi shekaru daga 1957 zuwa 1988 yana shugaban masu tirombon a babbar ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra, kuma 4AL ɗinsa ya zama gama-gari a wurin masu yufoniyom na Ingila. Harafin ƙarshe a nasa yana faɗin wutsiya: L babba, M matsakaiciya, saboda haka mai tsohon Besson 4AM zai nema. Akwai kuma masu alamar SM, waɗanda aka yi da shawarar gwanin yufoniyom Steven Mead. SM4 milimita 26, SM3 ya ɗan fi shi. Bach 1½G ya kai 27, na babban tirombon ne, mu dai ba mu ga dalilin da zai sa ƙungiyar ƙauye ta saye shi ba.

Wani gargaɗi a nan. Na asali sabo ya fi kuɗin buhun masara. Da yawa daga waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne, an buga musu lamba amma awonsu bai cika daidai da ita ba. Kwaikwayo mai santsi da ya dace da yaro yana aiki, ba mu hana ba, sai dai kada a biya shi kuɗin na asali, kada kuma a dogara ga lambar. Leɓe ne alƙali.

To, wa za a ba wanne? Ra'ayinmu shi ne, yaro ko yarinya da ke fara koyo, har babba ma in sabon shiga ne, a ba shi matsakaici irin 6½AL ko 48. Ya yi shekara biyu ko uku a kai. Wanda ya kai ga busa dukan aikin ranar Lahadi bai gaji ba, yana riƙe murya ɗaya daƙiƙa 15 ko 20 ba ta rawa, yana kuma jin bakin busan ya yi masa ƙunci, shi ne zai matsa zuwa 5G ko 51D, daga baya 4AL in ya ga dama. Mataki ɗaya-ɗaya. Kaurin leɓe yana da tasa rawa, mai kaurin leɓe yakan ji daɗin mai ɗan faɗi, amma ba doka ba ce, horo ya fi shi muhimmanci. Mu kuma tuna irin aikin da masu busanmu suke yi. Gwanin Turai yana zaune ne a kujera cikin ɗaki. Namu yana tafe cikin rana daga majami'a zuwa gidan biki, ko zuwa maƙabarta, yana busa awa biyu ƙasa tana girgiza masa ƙaho a baki. Ga mai irin wannan aiki, bakin busan da zai kai shi ƙarshen tafiya ya fi wanda zai yi murya mai daɗi na minti biyar.

Akwai wata jaraba da ta shafi ƙananan ƙungiyoyi musamman. Ba su da kuɗin babbar tuba, sai su ce bari a sa wa yufoniyom bakin busan tuba ya riƙe muryar ƙasa. Na tuba faɗinsa ya wuce milimita 30, wutsiyarsa ma ta fi kauri. Ko da ya shiga, ba zai mai da yufoniyom tuba ba, domin zurfin muryar tuba daga tsawon bututunta yake, kimanin mita 5 da rabi. Bakin busa ba ya ƙara wa ƙaho wannan tsawo. Abin da za a samu shi ne gurnani a ƙasa, a sama kuwa murya marar daidai. In babu tuba, a bar yufoniyom ya busa layin ƙasa da nasa bakin, babbar ganga ta cika sauran.

Ranar saye

Mutum uku ya kamata su tafi: ma'aji, mai busan da kansa, da wani mai kunnen waƙa, kamar malamin mawaƙa. Ma'aji ya riƙe kuɗi, amma kada ya yi zaɓe. A wanke kowane bakin busa kafin a sa a baki. Bayan an tabbatar da wutsiya, a ware biyu ko uku kawai, gama in sun yi yawa leɓe yakan rikice. Mai busa ya ja murya ta ƙasa, ta tsakiya da ta sama, a gwada su da molon majami'a in akwai a shagon, ko da ma'aunin murya na wayar hannu. Sa'an nan ya ɗauki waƙa daga Littafin Waƙoƙi ya busa ta da dukan ayoyinta, ya sake maimaitawa. Aya ta farko kowane bakin busa yana da daɗi. A ta ƙarshe ne gaskiya take fita. Mai sauraro ya ja baya kamar taku goma, domin abin da mai busa yake ji a kunnensa dabam yake da abin da jama'a suke ji.

A shafa gefen da yatsa. In akwai kaushi, ko farin rufin azurfa ya goge jan ƙarfe ya bayyana, a bar shi ko da araha ne. Tsiraicin ƙarfen nan yakan sa wa wasu ƙuraje a leɓe. A duba ƙarshen wutsiya ko a zagaye yake, domin wanda ya taɓa faɗuwa a siminti yakan lanƙwashe. A roƙi mai shago ya yarda da canji cikin mako biyu, a kuma rubuta haka a rasit. Makon farko da sabon bakin busa yakan yaudari mutum, ko ya ji kamar ya zama gwani, ko ya ji kamar ya manta kome. Saboda haka kada a canja wa yaro bakin busa ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti ko taron Birged.

Ga shi kuma hunturu yana tafe, lokacin da aka fi busa kuma lokacin da leɓe ya fi tsagewa. Masu busa su sha ruwa da yawa, su shafa man kaɗanya da dare, su goge shi kafin busa. Da sanyin asuba a ɗumama bakin busan a tafin hannu ko a aljihu tukuna. Kowane yaro da nasa in da hali, ko da ƙahon na tarayya ne, gama mura da ƙurajen baki suna bin ƙarfen nan daga wannan zuwa wancan. A wanke shi kowane mako da ruwan ɗumi da sabulu, a zura ɗan tsumma ta maƙogwaron. Bayan busa a cire shi a sa a jaka dabam. In ya maƙale kuma ya ƙi fita da hannu, a bar shi haka, ƙahon yana busuwa. Akwai ɗan inji na musamman na zare shi, a tambayi masu gyaran ƙaho ko manyan ƙungiyoyin badujala na birni.

Kafin taronku na wata mai zuwa, sakatare ya kira kaftin ɗin Birged su fito da dukan manyan ƙahonin ikilisiya. A rubuta a littafin kayan ƙungiya sunan kowane ƙaho, da lambar da ke jikin bakin busansa, da ko yana zama daram ko yana rawa, da shekarun wanda yake busa shi. A kawo mana takardar idan mun zo zagaye. Wataƙila babban bakin da ya fi ƙarfin yaro a ƙauyenku shi ne wani magidanci yake nema a ƙauyen gaba, sai a yi musaya ba tare da an taɓa asusu ba.